Kududdufin Bayan Gidanmu

Sana'ata sayen injuna ce. Janareta, injin ban-ruwa, tsofaffin motocin aiki da kamfanonin gini suka gaji da su, duk abin da na duba na ga zai yi wa wani aiki a gida sai in saya, in zuba a kwantena a tashar ruwan Jebel Ali ta Dubai, in tura Legas, daga can a hau da shi Kano. Da shimfiɗa tsofaffin kayan babur a bakin titi na fara, babu wanda ya ɗora ni. Yau na haura shekara goma a Dubai.

A unguwar Al Nahda nake zaune, ɗaki ɗaya a cikin gidan da muka raba mu huɗu. Sauran ukun ba yarenmu ɗaya ba. Mukan gaisa a ƙofar kicin, kowa ya ɗauki tukunyarsa ya shige. Matata da yarana suna Kano, a gidan bulo da na gina musu a sabuwar unguwa. Ta waya na gina gidan nan, daga harsashi har fenti, kuma in na haɗa kwanakin da na yi a cikinsa ba za su cika shekara ba. In na ce gida a raina, ba shi nake gani ba. Gidan mahaifinmu nake gani, na cikin birni, musamman soronsa.

Gidan yana wata tsohuwar unguwa kusa da ragowar badala, bayansa kuma kududdufi ne. Daga nan kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina unguwar, ramin ya zauna, ruwan damina ya riƙa taruwa a ciki. Soron Baba shi ne ya ba ruwan baya. Ginin ƙasa ne mai rufin azara, katangarsa ta yi kaurin da mutum zai kwanta a kai. A ciki yake karɓar baƙi, a ciki ya yi jinyarsa, a ciki aka yi masa wanka. Yanzu yayata ce a gidan. Ta dawo bayan rasuwar mijinta, ita take share soron kullum ko da yake babu mai zama a ciki.

Lokacin da nake saurayi, duk shekara in rani ya yi nisa ruwa ya janye, mazan unguwa sukan yi gayya a yashe kududdufin. Ni ma na shiga taɓon nan har gwiwa, na ɗauki kwando a ka. Amma kafin kowa ya sa shebur, Baba zai fito da turaku a hammata. Zai jingina bayansa da katangar soro, ya tako zuwa cikin busasshiyar laka yana ƙirga takunsa, ya tsaya, ya kafa turke. Haka zai yi ta yi har turakun su jeru tsawon bayan gidan. Daga turakun nan zuwa katanga babu mai taɓawa. Kwandunan farko ma da aka kwaso daga tsakiya, can ake juye su, a bi da ƙafa a daddanne. Sauran lakar a baza ta a fili ta sha iska, a cuɗa ta da jar ƙasa da ramno, wato busasshiyar ciyawa, a yi wa gidajen unguwa yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Mu samari abin yana ba mu haushi, domin nan kusa da gida ya fi sauƙin ɗiba. Na taɓa tambayarsa dalili. Bai ko ɗago ba, ya ce, "Masu wurin suna nan." Muka gane aljanu yake nufi. A raina na yi dariya. Tun a lokacin ni mutum ne da ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba.

Baba ya rasu. Maƙwabta suka rushe gidajensu na ƙasa suka koma bulo da siminti, babu mai buƙatar laka kuma, gayya ta mutu. Kududdufin ya cika da leda da robobi da duk abin da kwatocin unguwa suka kwaso, kainuwa ta rufe sama. Wurin da ruwa zai zauna ya ƙare, sai ya fara neman hanyar gidajen mutane.

Wata rana a tsakiyar damina ina filin ajiye injuna na wani dillali a Sharja, zafi kamar a bakin murhu, sai ga hoton bidiyo daga Yaya. Tsakar gidanmu ce, ruwa har idon sawu, buta tana yawo a kai. Ta biyo da kira.

"Ɗan Dubai, ka ga tsakar gidan ubanka? Ko kifi za ka aiko mana mu zuba?"

Na ce, "Soron fa?"

"Soro yana nan. Ni da nake cikin ruwa ba ka tambaye ni ba."

"Yaya, ke ai ruwa tsoronki yake. Ki bar min wannan. Aikin kwana uku ne."

Haka na ɗauke shi, aikin kwana uku. Na nemo ƙaramar motar haƙa wadda za ta iya shiga lungu. Na duba ta da kaina, na shiga ƙarƙashinta, na sa aka tayar da ita da sanyin safiya don in ji muryar injin tun bai ɗumama ba. Na tura ta tare da wasu kaya. Ta yi watanninta a ruwa da tashar Legas, ta isa Kano rani ya yi nisa, daidai lokacin da a da ake gayya. Na ɗauki direba, magidanci da ya daɗe yana aikin titi, na yi magana da masu tifa su riƙa kwashe lakar suna fita da ita bayan gari. Na gaya wa mai unguwa, ya sa albarka. Ban nemi izinin kowa ba bayan shi, domin ban san akwai wanda zan nema ba. A wurina rami ne mai wari a bayan gidan ubana.

Ranar da za a fara, direban ya kira ni yana nuna min wurin ta waya.

"Alhaji, ta ina zan kama?"

"Ta bayan soro. Nan nake so ya yi zurfi, ruwan ya bar gidan."

Ya ɗan taka, ya sunkuya. "Nan kamar akwai wasu tsofaffin itatuwa a binne, a jere suke."

"Na san su. Tumɓuke su."

Ina zaune a bakin gadona na faɗi haka, da kofin shayi a hannu. Na tuna har wani daɗi na ji, kamar na ci wata tsohuwar gardama.

Yini ɗaya da rabi aka yi ana aiki. Washegari, la'asar a wurina, azahar ba ta yi ba a Kano, Yaya ta kira.

"Mutanen gwamnati sun zo. Wata mata ce da takarda, ta ce a kashe injin. Direbanka ya kashe, yana can yana cin gyaɗa."

"Ba ta wayar."

Matar ta yi sallama, ta ce daga ofishin da ke kula da kayan tarihi take. Muryarta a kwance take, irin ta wadda ta saba a yi mata faɗa. Ta ce kududdufin yana cikin yankin tsoffin gine-gine, kusa da badala, kuma ba a haƙa a irin wurin nan sai an zo an duba, kwamiti ya zauna.

Na ce, "Hajiya, shekara nawa ana zuba shara a ramin nan ba ku zo kun duba ba? Sai yau da na kawo mota daga wata duniya za a gyara?"

"Gaskiyarka, Alhaji. Da mun zo tuntuni da ya fi. Amma leda ba ta kayar da katanga, motarka tana iya kayarwa. Zurfin nawa za ka yi?"

"Har in ga ƙasa mai tauri."

"Lakar kuma ina za ka kai ta?"

"Inda ba za ta dame ni ba."

"To, ka ga amsoshin nan biyu su ne suka sa ba zan bari a tayar da injin ba."

Na gwada duk abin da na iya. Na yi laushi, na yi zafi, na ambaci wani babba da na sani. Ta ce in gaishe shi. A ciniki na san lokacin da mutum yake jiran a ƙara masa, na kuma san lokacin da ya rufe shago. Wannan ta rufe.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi min daɗi ba. Motata tana zaune a bakin rami tana shan rana, damina tana matsowa, ni kuma ina nan babu abin da zan iya sai riƙe waya. A gida in abu ya dame ka za ka fita ƙofar gida, wani zai zo ya zauna, ku yi ta juya maganar har ta yi sauƙi. A nan in ka fita ƙofa, dogon lungu ne mai fitila da ƙofofi a rufe. Abokan harkata a unguwar Al Rigga mutanen kirki ne, amma zancenmu na jigilar kaya ne da kuɗin jirgi. Na ɗan taɓa wa ɗaya daga cikinsu maganar, ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ka sayar da gidan mana, a yi shaguna." Ban sake tayar da ita ba.

Mutum ɗaya nake da shi da zan iya gaya wa. Ɗan Zango ne daga Gana, mun haɗu a masallaci shekarun baya, na ji yana amsa waya da Hausa. Yana aikin gadi a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da ke tsallaken mashigin ruwa, waɗanda aka gyara don baƙi su zo kallo. Ranar Juma'a bayan an sauko na shiga ƙaramin kwalekwalen da ke tsallakar da mutane, na same shi a kujerarsa a inuwar ƙofa. Ya aika aka kawo shayin karak mai madara, na kwashe labarin na gaya masa. Ya yi dariya har yana buga cinya.

"Masa, maigida, kai da kake shigar da kwantena ta gaban kwastan na ƙasa biyu, mace ɗaya da takarda ta tsayar da kai?"

"Kai dai bari."

"Zo ka gani." Ya tashi ya nuna min bangon ƙofar. "Na so in buga ƙusa a nan in rataye rigata. Ƙusa ɗaya. Shugabana ya ce, habibi, in ka buga, gobe kana Kumasi. In bangon nan ya tsage, ba siminti ake sawa ba. Wasu mutane ne suke zuwa, su kwaɓa irin abin da aka gina shi da shi tun farko, shwayya shwayya, sannu a hankali, kamar masu yi wa amarya lalle."

Na ce, "Su nan suna da abin yi da shi. Baƙi suna zuwa."

"Naku wa yake zuwa?"

"Babu kowa. Yayata ce take sharewa."

"To kai me ya dame ka da shi?"

Na kurɓi shayina. Muka zauna muna kallon wasu Turawa suna ɗaukar hoton wata tsohuwar ƙofa. Na lura gidan da yake gadi babu wanda ya kwana a ciki shekara da shekaru. Tsaf yake, babu ko warin hayaƙi. Da lokacin rufewa ya yi ya ce, "Yalla, mu tafi, Alhaji," muka rabu a bakin ruwa, shi ya nufi motar kamfaninsu, ni na koma tsallake.

Bayan kwana biyu jami'ar ofishin tarihin nan ta kira ni da kanta. Ta ce rahoton da za ta kai wa kwamiti yana buƙatar bayanin yadda ake yashe kududdufin a da, ta ina ake farawa, ina ake tsayawa, me ake yi da lakar. Ta zaga unguwa. Dattawan da suka yi aikin sun rasu, waɗanda suka rage ba a nan suka tashi ba. Yaya ta ce ita tuwon gayya ta sani, ba ta taɓa leƙa bayan gida ranar yasa ba. Kowa ya ce a tambayi ɗan gidan da ke Dubai, shi ya ɗauki kwando.

Na ce, "Wato ni kika tsayar, ni kuma zan rubuta miki takardar tsayarwar."

"Kusan haka ne, Alhaji. Ba sai ka rubuta ba, ka yi min da murya."

A cikin mota na yi mata, a filin ajiye motoci na Jebel Ali, ina jiran a kira lambata. Na fara a gajarce, kamar mai ba da lissafin kaya. Sai na ji maganar tana tsawo. Na gaya mata yadda lakar take tsagewa fale-fale in ta bushe, yadda ake kama tarwaɗa a ɗan ruwan da ya rage a tsakiya, yadda ake jera kwanduna hannu da hannu. Na daɗe ban yi magana mai tsawo haka da Hausa ba. Turakun a ƙarshe na ambata, da dariya, na ce wani camfin tsofaffi ne na aljanu.

Ba a yi minti goma ba ta kira.

"Alhaji, turakun nan, taku nawa ne daga katanga?"

"Ban riƙe ba."

"Ka yi ƙoƙari. Duk abin da ka faɗa, wannan ne nake nema."

Da na koma gida na jingina bayana da bangon ɗakina, na rufe ido, na tako yadda na ga Baba yana yi. Taku huɗu na ci karo da ƙofa. Na buɗe, na fita dogon lungun, na sake farawa daga bangon ƙarshe. Ina tafe ina jin muryarsa yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, domin a fili yake ƙirga, yana ɗan jan numfashi a kan na bakwai inda gangara take farawa. Wani maƙwabci ya fito da jakar shara, ya gan ni ina taku da ido a rufe, ya koma ciki. Sau uku na yi. Goma sha biyu ne.

Na gaya mata. Ta ce injiniyansu ya auna, kuma abin da ya ce a bari bai wuce haka da yawa ba. Ta yi min bayani a sauƙaƙe. Katangar soro ba ta da harsashin kankare, a kan ƙasa take zaune. Ƙasar da ke tsakaninta da rami ita take tokare da gindinta. Lakar da ake juyewa ana daddannewa duk shekara kuwa, maye gurbin abin da ruwa ya ci ne. Ta ce, "Mahaifinka ya san abin da yake yi. Ya dai san in ya ce wa samari katanga ce, wani zai ce kwando ɗaya ba ya kayar da katanga."

Ni da nake shiga ƙarƙashin mota in duba abin da ke riƙe da ita, ban taɓa tambayar me ke riƙe da soron ubana ba.

Sai ta turo min hoto. Katangar baya ce, da tsaga daga ƙasa har kusa da indararo, wani ya sa hannunsa a ciki don a ga faɗinta. Na gane hannun, da zoben azurfar. Na kira mai shi.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun kwana uku da tsayar da motarka."

"Ba ki gaya min ba."

"In gaya maka ka yi me? Ka toshe ta ta waya? Kana can kai kaɗai, ba mai ba ka ko ruwa in ranka ya ɓaci."

Na nemi masu tifa, na ce su dawo da ƙasar da suka ɗiba. Suka ce wani fili suka cike da ita a bayan gari, mai filin har ya zuba harsashi a kai. Na roƙi jami'ar ta bari motar ta turo laka daga tsakiya ta mayar wurin. Ta ce ita ta yarda, amma nauyin motar a bakin ramin nan shi ma haɗari ne, kuma ba ta da ikon sa hannu ita kaɗai. Abin da za ta iya bari nan take shi ne aikin hannu. Na sa aka nemo ma'aikata, aka jera buhunan yashi a inda na haƙe, aka tokare azarorin soro daga ciki da manyan itatuwa, aka lulluɓe saman katangar da tamfol. Yaya ta kwashe buzun Baba da akwatin littattafansa ta kai ɗakinta.

Daga nan sai jira. Zan faɗi gaskiya yadda take: laifin farko nawa ne, babu mai raba ni da shi. Amma kwamitin nan ya daɗe bai zauna ba. Yau wani ya yi tafiya, gobe ba a cika ba. Jami'ar takan kira ni ta ba ni haƙuri a kan abin da ba ita ta yi ba. Ni kuma na koma duba hasashen yanayin Kano a waya fiye da yadda nake duba farashin kaya. A nan sama fari fat, ko gajimare ɗaya babu, ina tsaye a tashar jirgin metro gumi yana bin bayana, ina kallon hoton hadari a kan wani gari da ke nesa.

Ruwan farko ya zo ya wuce, katanga tana nan. Na biyu ma haka. Na uku aka kwana ana yi. Ina cikin wani sito ana loda min kaya, hantsi ya yi, sai ga kiran Yaya. Da na ga lokacin, na san ko gari bai gama wayewa ba a wurinsu.

"Ka zauna?"

"Faɗa min kawai."

"Ta baya ta tafi. Babu wanda ya ji ciwo. Rufin yana nan, itatuwan da ka sa sun riƙe shi."

Ta juya wayar. Daga ƙofar soron ana hango kududdufi kai tsaye, ruwa da kainuwa da leda, haske ya cika ɗakin da ban taɓa gani da haske ba. Gurbin da Baba yake ajiye fitilarsa a bango ya tafi tare da katangar. Mai lodi ya zo yana tambayata ko a sa janaretocin a gaba ko a baya. Na ce a baya. Na tsaya har aka gama, aka rufe kwantenar, na sa hannu. Sannan na je na zauna a mota, na daɗe ban tayar da ita ba.

Takardar kwamiti ta fito bayan mako ɗaya da 'yan kwanaki. An yarda a yashe, amma sai rani. Mota ta tsaya ta ɓangaren titi. Laka ba za ta bar unguwa ba, da ita za a cike bayan gidan, da ita za a mayar da katanga, ginin ƙasa yadda yake. A tsakiyar takardar akwai layin da ya ce a bar taku goma sha biyu daga gindin katanga, bisa bayanin ɗan gidan. Na karanta layin nan ya fi sau biyar. Ban san ko daɗi na ji ko kunya ba.

Na yi niyyar in je da kaina in kafa turakun. Na gaya wa Yaya, na gaya wa ɗan Zango, har ya ce in taho masa da kilishi. Da rani ya zo, sabunta bizata ta faɗo daidai lokacin, fasfona yana wani ofishi, ga kaya biyu a tashar ruwa da ba mai fitar da su sai ni. Maginin da jami'ar ta samo mana, dattijo daga wata unguwa, ya ce ba zai jira ba, in aka makara katangar ba za ta bushe kafin ruwa ba.

Yaya ce ta kafa su. Ta tsaya inda gindin katangar yake, waya a hannu ɗaya, turke a ɗaya, ni ina bakin gadona ina ƙirga mata.

"Goma sha ɗaya. Goma sha biyu. Ƙara biyu."

"Na me? Takarda ta ce sha biyu."

"Takun Baba ne sha biyu. Ke ƙafarki gajera ce."

"Ka ji mara kunya. Da wannan ƙafar na goya ka na zaga unguwar nan." Ta ƙara biyun.

An yashe kududdufin. Motar ta yi aikinta daga nesa, da aka gama na sayar da ita ga wani mai aikin dam, ban yi asara ba. Magini ya yi tubalinsa a fili, ya tayar da katangar a hankali, layi ya bushe kafin a ɗora wani. Na ce ya bar gurbin fitila, na kwatanta masa tsayinsa da kafaɗata. Damina ta zo ta wuce, ruwa bai shiga tsakar gida ba, katanga tana tsaye. Launinta ya fi na sauran ukun duhu, Yaya ta ce sai ta sha rana shekara biyu za su daidaita. Har yau ban sa hannuna a kanta ba.

Kwanan baya ta kira ni, ta ce wasu samari sun zo za su ɗebi ƙasa a bayan soro su cike ƙofar shagonsu, suna tambayar turakun na mene ne.

Na ce, "Sai ki gaya musu gaskiya. Ƙasar ce take riƙe da katanga."

"Na gaya wa na farko haka, ya ce baro ɗaya ne kawai, Hajiya."

"Sai kika yi yaya?"

"Na ce masa masu wurin suna nan. Har baron ya bari, sai da na aika masa da shi."

Muka yi dariya, ta ce za ta je ta ɗora girki. Wayar ta mutu. Na ji maƙwabcina ya fito daga kicin ya rufe ƙofarsa, sai na ɗauki tukunyata na shiga.